Yadda A Ke Horon Ƙaramin Kare Ba Tare Da Bulala Ba

 Zancenmu na wannan mako a kan kare ne. Na san wata za ta ɗaga kai ta ce, to, me kuma ya haɗa filin mata da kare? Abin da ya haɗa su shi ne, duk gidan da a ke ajiye kare, ko don gadi ko don sha'awa, maigida shi ke kawo shi, amma uwargida da 'yammata su ke wuni da shi. Su ke ba shi abinci, su ke share inda ya ɓata, in kuma ya yi cizo, galibi yaro ya ke cizo. Saboda haka ko kare ya yi ladabi ko ya lalace, a hannun mace abin ya ke.

Zan yi misali da wani irin ƙaramin kare na ƙasar Ingila, wanda a ke kira sifaniyal. Na zaɓe shi ne don yana da sanyin hali, abin da aka yi masa, mai kyau ko mummuna, nan da nan ya ke nunawa a jikinsa. Amma abin da zan faɗa yana aiki a kan kowane kare, har irin namu na gida.

Shi sifaniyal kare ne mai dogayen kunnuwa masu gashi, suna reto a gefen fuskarsa, ga manyan idanu, ga wutsiya da ba ta hutawa. An ce daga sunan ƙasar Sipaniya sunansa ya samo asali, ko da ya ke a Ingila aka raya irinsa. Tun a 1570 wani likita mai suna John Caius ya rubuta littafi a kan karnukan Ingila, ya ambaci na farautar tsuntsaye, ya kuma ambaci wasu 'yan ƙanana waɗanda matan manyan gida su ke ɗorawa a cinya. Sarki Charles na Biyu, wanda ya yi sarautar Ingila daga 1660 zuwa 1685, ya so waɗannan ƙananan ƙwarai, har wani ma'aikacinsa, Samuel Pepys, ya rubuta a 1667 cewa ya ga Sarki yana ta wasa da karensa alhali majalisa na zaune ana shawara. Daga baya masu kiwo suka koma son masu gajeren hanci, irin na dā ya kusa ɓacewa. A 1926 wani Ba'amurke, Roswell Eldridge, ya sa kyautar fam 25 a wajen nunin karnuka na Crufts a Landan ga duk wanda ya kawo mai dogon hanci irin na tsofaffin zane-zane. Daga nan aka sāke raya shi, aka kafa masa ƙungiya a 1928, aka yarda da shi iri ne mai zaman kansa a 1945. Shi a ke kira Kabaliya. Nauyinsa ba ya wuce kilo 5 zuwa 8, tsayinsa inci 12 ko 13. Yana da ɗan'uwa da ya ɗan fi shi girma, Koka, mai nauyin wajen kilo 13.

Aikin kakanninsu shi ne su kutsa cikin ciyawa da hanci a ƙasa, su tashi tsuntsu, maharbi ya harba, su ɗauko a baki su kawo masa ba tare da sun tauna ba. Wannan aiki ya bar musu gado uku. Suna son kusa da mutum, suna son ɗaukar abu a baki, kuma in hancinsu ya kama wani ƙamshi, kunnensu ya kan toshe. Sai na huɗu wanda ba sai an gada ba, watau kwaɗayi. Mai hankali da waɗannan ta ke aiki.

Kalmar horo a Hausa fuska biyu gare ta. In an ce an yi wa yaro horo, ana iya nufin an koya masa, ana kuma iya nufin an zane shi. Turawa ma sun daɗe suna haɗa biyun. A 1910 wani jami'in 'yan sandan Jamus, Konrad Most, ya fitar da littafi a kan koyar da karnukan aiki, hanyarsa kuwa ta haɗa yabo da tilas. Bayan yaƙe-yaƙen duniya guda biyu, sojojin da suka riƙe karnuka suka koma gida da irin wannan hanya, aka riƙa sa wa karen gida sarƙa mai shaƙewa, in ya saɓa a fizge. Aka kuma samo wa abin hujja daga kyarkeci. A 1947 wani masani, Rudolf Schenkel, ya ba da labarin kyarketai da aka tara a gidan dabbobi na Basel, ya ga suna faɗa a kan shugabanci, sai mutane suka ce ashe kare ma neman mulkin gida ya ke yi, lalle a danne shi. David Mech, wanda littafinsa na 1970 ya yaɗa wannan magana, shi da kansa ya warware ta a 1999, bayan ya shekara da shekaru yana kallon kyarketai a dajinsu a arewacin Kanada. Ya tarar garkensu iyali ne kawai, uba da uwa da 'ya'yansu. Waɗancan na Basel baƙin juna ne aka kulle wuri ɗaya, ina mamaki don sun yi faɗa?

Ɗaya hanyar kuwa, duk wadda ta zauna a ajin horon malamai ta ji asalinta. A 1898 Edward Thorndike na Amurka ya riƙa sa kyanwa mai jin yunwa a cikin akwati, ya ajiye abinci a waje. Kyanwa ta yi ta yagar ko'ina, har ta taɓa abin da ke buɗe ƙofa bisa kuskure. Da aka yi ta maimaitawa, sai lokacin da ta ke ɓatawa ya riƙa raguwa, har ta kai da an sa ta sai ta tafi kai tsaye wajen mabuɗin. Ƙa'idar da ya fitar ita ce, duk aikin da abin daɗi ya biyo bayansa, dabba za ta ƙara yinsa. B. F. Skinner ya ɗora a kan wannan, har a 1951 ya rubuta wa jama'a yadda za su koya wa karen gida abu cikin 'yan mintoci, da abinci da ɗan abin wasan yara na ƙarfe mai yin ƙara in an danna. Wata mace, Karen Pryor, ta yi aiki da wannan ilmi a tsibirin Hawayi wajen koyar da dolfin, wata dabbar teku mai wayo. Ita dolfin ba a sa mata igiya, ba a dukanta, in ranta ya ɓaci sai ta nutse ta bar ki tsaye a bakin ruwa. Duk da haka an koya mata tsalle da juyi bisa umurni. Littafin da Pryor ta fitar a 1984 yana cikin abubuwan da suka jawo hankalin masu karnuka, suka ce in an iya da dabbar teku, me zai hana da kare?

To, ga gishirin maganar, kuma a nan yawancin mutane su ke ɓata. Kare yana haɗa lada ko azaba da abin da ya ke yi a daidai wannan lokaci, sakan ɗaya ko biyu. Abin da ya wuce haka ya wuce masa. Ki dawo daga unguwa ki tarar ya tauna takalminki tun da hantsi, ki kira shi, ya zo yana kaɗa wutsiya, ki zabga masa tsumagiya. Me ya koya? Takalmi dai ba ya cikin lissafinsa. Abin da ya yi na ƙarshe kafin duka shi ne zuwa wajenki. Gobe in kin kira, sai ya tsaya nesa yana kallonki, ki ce ya yi taurin kai.

Wata za ta ce, ai ya san ya yi laifi, ba ki ga yadda ya ke sunkuyar da kai yana maƙale wutsiya ba? An gwada wannan. A 2009 wata malama a birnin New York, Alexandra Horowitz, ta ɗauki karnuka 14 da masu su. Mai kare zai ajiye abinci, ya hana karen ci, ya fita daga ɗaki. A bayansa wani lokaci a ba karen ya cinye, wani lokaci a ɗauke abincin. In ya dawo, wani lokaci a gaya masa gaskiya, wani lokaci a gaya masa akasinta. Sai aka ga sunkuyar da kai ba ta bin cin abincin, tsawar mai kare ta ke bi. Har ma karnukan da ba su ci kome ba aka yi musu faɗa a banza, su suka fi nuna wannan fuska. Watau abin da mu ke kira kunya, lallashi ne na mai jin tsoro.

Haka zancen fitsari da kashi ya ke. Masu tura hancin ɗan kwikwiyo cikin ɓarnarsa, abin da su ke koya masa shi ne ya ɓuya bayan randa ya yi. Abin yi shi ne ki fitar da shi wuri guda da kika zaɓa, da ya tashi daga barci, da ya gama cin abinci, da ya gama wasa. Ki tsaya shiru har ya yi, yana gamawa ki ba shi lada a nan take, tun bai bar wurin ba. In ya ɓata cikin gida, ki wanke sarai don wari shi ke mai da shi wurin, ki ƙara yawan fitar da shi.

Yanzu mu zo ga ladan kansa. Ya zama abu mai taushi da zai haɗiye nan da nan, kuma kada ya wuce girman ƙwayar wake. Dafaffen naman kaza, ko dafaffiyar hanta, ko ɗan kifi da aka cire wa ƙaya, duk sun yi. Kada ki ba shi kilishi ko tsire, don yajinsu da gishirinsu sun yi masa yawa, kuma albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Cakulan guba ne gare shi, haka goro, don suna ɗauke da sinadari iri ɗaya wanda jikinsa ba ya iya fitarwa da sauri. Inabi, ɗanye ko busasshe, yana iya kashe masa ƙoda. Dafaffen ƙashi kuwa tsagewa ya ke yi ya soke hanji. Likitocin dabbobi sun ce kada irin wannan lada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abincinsa na wuni. Dabara mai sauƙi ita ce ki auna abincin ranar tun da safe, ki ɗebi wani abu daga ciki ki yi koyarwa da shi, ki ajiye nama don darasi mai wuya. Wannan awo ba ƙaramin abu ba ne ga Kabaliya, domin ciwon zuciya ya yi yawa a irinsu, ƙiba kuwa tana ƙara wa zuciya aiki.

Tun da hannu ba ya kai abinci baki cikin sakan ɗaya, ana bukatar wata alama da za ta gaya masa, wannan da ka yi yanzu shi ne, lada na tafe. Abin wasan nan na Skinner aikinsa ke nan, har yanzu ana sayar da irinsa don masu karnuka. Amma bakinki ya isa. Ki zaɓi kalma ɗaya gajeriya, ni a ganina "Yauwa" ta fi kowace dacewa. Ki ce "Yauwa," ki ba shi ƙwaya ɗaya. Ki dakata kaɗan, ki sāke. Ki yi haka sau goma sha biyar ko ashirin, ba tare da kin nemi kome daga gare shi ba. In kin ga da kin faɗi kalmar ya ɗago kai yana neman hannunki, to, ya gane. Daga ranar kalmar nan alkawari ce. Ko bisa kuskure kika faɗa, ki biya.

Darasi na fari shi ne sunansa. Ki ba shi suna gajere, ban da irin dogayen sunayen nan na habaici da a ke raɗa wa kare don a ji da maƙwabta. Ki kira sau ɗaya, da ya waiwayo ki ce "Yauwa," ki biya. Kada a riƙa kiran sunan ana zagi, don kada ya zama abin gudu.

Sai zama. Ki riƙe ƙwaya tsakanin yatsu a gaban hancinsa, ki ɗaga ta sannu a hankali zuwa saman kansa, ta yi baya kaɗan. Hanci zai bi ta sama, gindi zai yi ƙasa da kansa. Da ya taɓa ƙasa, "Yauwa," ki sakar masa. In yana tsalle, kin ɗaga hannu da yawa. In yana ja da baya, ki yi a kusurwar ɗaki. Kada ki danna masa baya da hannu, kada kuma ki ce "Zauna" tukuna, don bai san ma'anarta ba, surutu ne kawai a kunnensa. Bayan sau biyar ko shida, ki yi wannan motsi da hannu wofi, in ya zauna ki ba shi daga ɗaya hannun. Wannan mataki shi ne wanda a ke yawan tsallakewa, sa'an nan a zo ana kukan kare ba ya zama sai ya ga nama. Sai kin tabbata in kin ɗaga hannu zai zauna, sa'an nan ki fara cewa "Zauna" kafin ki ɗaga. Sau ɗaya za ki faɗa. Wadda ke cewa "zauna, zauna, zauna mana," karenta zai ɗauka sai a na uku a ke zama.

Darasi kada ya wuce minti uku zuwa biyar, sau biyu ko uku a rana, kafin cin abinci, a wurin da ba hayaniya. Ki tashi tun yana marmari. In ya kasa sau biyu a jere, aikin ne ya yi masa tsauri, ki koma baya taki ɗaya. Kuma ki sani, kare da ya iya zama a tsakar gida bai iya zama a zaure ba tukuna. Sai an sāke koya masa a wurare dabam dabam, a gaban mutane dabam dabam, kafin ya gane kalmar tana aiki ko'ina. Kwanciya da jira duk haka a ke bi da su, a fara da sakan biyu a riƙa ƙarawa.

Darasin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne zuwa in an kira, domin shi ke tsakanin kare da tayar mota. Ga sifaniyal kuwa shi ya fi wuya, saboda hancin nan da na faɗa. Ki fara a cikin ɗaki, taki biyu tsakaninku. Ki kira sunansa ki ce "Zo" da murya mai daɗi, ki ɗan ja da baya. Da ya iso, "Yauwa," ki riƙe abin wuyansa a hankali da hannu ɗaya, ki ba shi lada da ɗayan, kuma lada mafi daɗi da ki ke da shi. Riƙon nan yana da amfani, don kada ya koyi warce abinci ya zille. 'Yammata biyu ko uku suna iya zama nesa da juna su riƙa kiransa bi da bi, wasa ne da yara da kare su ke so. In za a fita fili, ki ɗaura masa doguwar igiya, yadi goma, ki bar ta tana jan ƙasa, don in ya ƙi ji ki taka ta. Kada ki kira shi a lokacin da kin san ba zai zo ba, don kowane kira da ya yi banza da shi yana rage wa kalmar ƙarfi.

Abu biyu ke kashe wannan darasi. Na ɗaya, a kira kare don a yi masa abin da ba ya so, kamar wanka ko ɗauri. In irin wannan ne, ki tafi ki ɗauko shi da kanki. Cikin kira goma, a tara ki biya shi ki sake shi ya koma wasansa, don kada ya ɗauka zuwa wajenki shi ne ƙarshen jin daɗi. Na biyu, a yi masa faɗa don ya daɗe bai zo ba. Ko ya bar ki tsaye cikin rana har ranki ya ɓaci, in dai ya zo, ki haɗiye fushin ki biya. In kuwa ya kuɓuce, kada ki bi shi da gudu, wasan tsere zai ɗauka, kuma ƙafa huɗu ta fi biyu. Ki kira shi ki ruga wani gefen, sau da yawa shi zai biyo ki.

An gwada wannan ma. A 2020 masana a Jami'ar Lincoln ta Ingila suka ba da sakamakon karnuka 63 waɗanda ba su zuwa in an kira. An koyar da wasu da abin wuya mai jan lantarki, wasu kuwa da lada. Na lada suka fi amsa kira tun a karo na fari, suka kuma fi saurin amsawa. Ƙasar Wales ma ta haramta wannan abin wuya tun 2010. Kafin nan, a 2004, masana na Jami'ar Bristol sun tambayi masu karnuka 364, suka ga masu yawan ba da lada sun fi samun biyayya, masu yawan azabtarwa sun fi kukan munanan halaye. A Fotugal kuma, a 2020, an auna yawun karnuka 92 na makarantun horo, aka tarar sinadarin firgici ya fi hawa a jikin waɗanda a ke koyarwa da tsawa da fizga.

Wajen tafiya da igiya, ƙa'idar ɗaya ce. In ya ja, ki tsaya cik kamar an dasa ki. Da igiya ta yi sako-sako, "Yauwa," ki ci gaba, ki riƙa ba shi ƙwaya a gefen ƙafarki. Tafiyar farko za ta ci lokaci, amma sannu ba ta hana zuwa. Ga Kabaliya ya fi kyau a ɗaura igiya a ɗamarar ƙirji maimakon wuya. Da yawa cikinsu ƙoƙon kansu ya yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan ta baya, ruwa ya kan taru a lakar wuya, ya sa musu zafi. Saboda wannan da ciwon zuciya, kotun ƙoli ta ƙasar Norway ta hana kiwon irinsu don haihuwa a 2023. Ki duba fa, dabba mai irin wannan larura a riƙa fizgar wuyanta!

To, in ya yi abin da ba ki so fa? Ki tambayi kanki, wane lada ya ke samu? Kare mai tsalle jikin mutane kulawa ya ke nema, ko ture shi kika yi kina faɗa, ya samu. Ki juya masa baya, ki naɗe hannu, kada ki dube shi. Da ƙafafunsa huɗu sun sauka ƙasa, ki yaba ki biya. Da fari zai ƙara ƙaimi kafin ya saduda, kamar yadda mutum ke ƙara bugun ƙofa in ba a buɗe ba, kada wannan ya karya miki gwiwa. Amma lalle gida duka su haɗa baki. In uwa ta hana, 'yar auta tana rungumewa, aikin ya koma baya.

In ya ɗauki ludayi ko kallabi a baki, gadonsa ne. Kada ki ɓamɓare bakinsa. Ki nuna masa nama, ya saki, ki ce "Yauwa," ki ba shi, daga baya ki sa kalmar "Saki." Wanda a ke ƙwace wa abu kullum shi ke koyon gurnani a kansa. Gurnanin nan kuwa kada a doke shi a kai, don gargaɗi ne. In an hana shi gargaɗi, tsoron yana nan, sai dai ranar da zai yi cizo ba sanarwa. Ki janye yaro, ki nemi dalili. A koya wa yara kada su taɓa kare yana ci ko yana barci, kada su ja kunnensa, kuma kada a bar ƙaramin yaro da kare su kaɗai, kome sanyin halinsa.

Akwai masu cewa wannan ai cin hanci ne. Bambancin yana ga lokaci. Cin hanci kafin aiki a ke nuna shi, lada bayan aiki ya ke zuwa, shi ya sa na ce ki yi saurin komawa hannu wofi. In abu ya zauna masa sosai, sai ki fara biya wani lokaci ki tsallake wani, yadda ba zai san wanne ne zai kawo nama ba. Sa'an nan ki mai da abubuwan da ya ke so su zama lada. Zai fita, ya zauna kafin a buɗe ƙofa. Zai ci, ya zauna kafin a ajiye kwano. Ga sifaniyal, a jefa masa ƙwallo ya ɗauko, ko a sake shi ya je ya sunsuna gindin bishiya, wani lokaci ya fi masa nama. Kiran "Zo" kaɗai ne zan ce a ci gaba da biyansa da kyau muddin ransa.

Yaushe za a fara? Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. John Paul Scott da John Fuller sun yi shekaru suna nazarin irin karnuka biyar a Bar Harbor ta Amurka, har da Koka a ciki, suka fitar da littafinsu a 1965. Sun nuna cewa daga mako 3 zuwa wajen mako 12 na haihuwa ɗan kwikwiyo ya ke sabawa da duniya. Waɗanda aka bari ba su ga mutum sosai ba har mako 14, da ƙyar suka yarda da mutane bayan nan. Saboda haka da ya zo hannunki yana ɗan mako takwas, ki nuna masa maza da mata, da yara, da kaji da awaki, da ƙarar babur da ta turmi, kaɗan kaɗan, kowanne tare da lada, kada ki tilasta shi kusantar abin da ya ke tsoro. Ki riƙa taɓa kunnuwansa da ƙafafunsa kina biya, don ranar magani ta zo da sauƙi. Ki kai shi wajen likitan dabbobi a yi masa allurai, ta ciwon haukan kare a wata uku a ke yinta, a kuma riƙa sabuntawa yadda likita ya ce. Babban kare ma yana koyo, sai dai ya fi cin lokaci, musamman wanda ya sha duka, don sai ya daina tsoron hannu kafin ya karɓi abu daga gare shi.

Kare da ya saba jin magana, in ya daina kwatsam, a duba lafiyarsa kafin a ce ya kangare. Dogayen kunnuwan sifaniyal suna rufe iska, danshi ya taru, ciwo ya shiga. In yana yawan girgiza kai, ko kunnen yana wari, ko yana ƙara in an ɗauke shi, ko yana sosa iska kusa da wuyansa, ko yana haki da tari bayan ɗan gudu kaɗan, a ajiye darasi a kai shi asibitin dabbobi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.